Shin da gaske mai ƙiba ya fi tsira daga ciwon ƙoda na farat ɗaya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yayana, magidanci mai jiki sosai, yana kwance a asibiti. Zazzaɓi da amai da gudawa suka kwantar da shi, daga baya aka ce ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya. Ranar da aka ba shi gado kilo 104 ne, bayan kwana biyar sikeli ya nuna 111. Mutanen gida sai murna suke yi, wai ya fara mayar da jiki. Ni kuma na ji an ce masu ƙiba sun fi ramammu tsira daga wannan ciwo. Gaskiya ne? In haka ne, mu ƙara masa abinci?

Amsa: Sannu da ɗawainiya, ɗan'uwa. Allah ya ba yaya lafiya, ya sa kaffara ce.

Bari in fara da kilo 7 ɗin nan, don su suka fi gaggawa. Ba jiki yake mayarwa ba, ruwa ne. Kafin mutum ya tara kilo 1 na kitse sai ya ci rarar kalori wajen 7,700 a kan abin da jikinsa ke ƙonawa, marar lafiyar da ko kunu da ƙyar yake sha kuwa ina zai samo wannan rarar? Amma lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cif. Kowace ledar ƙarin ruwa da aka rataya masa, in ba ta fita ta fitsari ko gumi ko bayan gida ba, tana nan cikin jikinsa, kuma sikeli zai nuna ta. Wani ɓangare na ruwan yana kan ƙa'ida, tunda a bushe ya zo bayan amai da gudawa, dole a mayar masa da abin da ya zubar. Don haka ku tuno nauyinsa na lokacin da yake lafiya. In dama can 107 ne, to kilo 3 na farko cike gurbi ne, sauran 4 kuma ƙari ne da ƙoda ta kasa fitarwa.

Ka danna babban yatsanka a ƙwaurinsa, sama da idon sawu kaɗan, ka ɗan riƙe sannan ka ɗaga. In ya bar rami, kumburi ne. Wanda ya kwana biyu a kwance, ruwan a gadon bayansa da ƙugunsa yake taruwa, har za ka ga shatin zanin gado ya fito raɗau a fatar wurin. In kuma yana haki, ko ba ya iya kwanciya sai an tokare shi da matasai, kada ku jira zagayen safe, ku kira nas nan take. Alama ce ruwa ya fara shiga huhu.

To, sai maganar da ka ji. Ba ƙirƙirarta aka yi ba, tana cikin littattafan likitoci, kuma ta daɗe tana ba mu ciwon kai. An fara lura da ita sosai a masu wankin ƙoda na dindindin a Amurka, a wani bincike na 1999, inda aka ga masu jiki sun fi daɗewa a raye. Daga baya aka ga irin haka a masu ciwon zuciya. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne BMI: a raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita sau tsayinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama ƙiba.

A kan tsayawar ƙoda ta farat ɗaya, binciken da aka fi ambata shi ne na ƙasar Ostiriya, wanda Wilfred Druml da abokan aikinsa suka fitar a 2010. Sun duba majinyata 5,232 a sassan kulawa ta musamman 53, duka waɗanda ciwon ya kai su ga wankin ƙoda. Abu biyu suka gani, kuma mutane na ɗaukar na biyun su bar na farko. Na farko, gwargwadon ƙibar mutum, gwargwadon haɗarin ƙodarsa ta tsaya tun asali. Na biyu, a cikin waɗanda ta riga ta tsaya, mutuwa ta fi yawa a ramammu, ta ragu yayin da jiki ke ƙaruwa, ta fi ƙaranci a masu BMI 30 zuwa 35, daga nan kuma ribar ta fara gushewa. A 2016 wani bincike a Boston, mai ɗauke da majinyata kusan 15,000, ya ƙarfafa na farkon: duk ƙarin maki 5 a BMI na tafe da ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 na haɗarin ciwon ya tsananta. Kuma da zarar ƙoda ta taɓu, haɗarin mutuwa ya hau a kowane rukuni, mai ƙiba da marar ƙiba.

Dalilin da ya sa ƙiba ke jawo ciwon ba ɓoyayye ba ne. Ƙodar mai ƙiba tana tace jini fiye da kima shekara da shekaru, ga hawan jini da ciwon suga da suka saba tafiya tare da ƙibar, ga teɓa da ke ƙara matsi a cikin ciki har ta danne jijiyoyin ƙoda idan mutum ya kwanta rigingine. Ƙodar da ke aiki a ƙurewar ƙarfinta, ƙaramin abu ke tsayar da ita.

Wannan ne kuma mabuɗin farko na fahimtar abin da ka ji. Ka lura da waɗanda ake ƙirgawa. Ba mutanen gari aka tara aka ce a ga wa zai rayu ba, waɗanda ƙodarsu ta riga ta tsaya kaɗai aka duba. Mai ƙiba zai iya shiga wannan sahu da ɗan ƙaramin dalili, gudawar kwana biyu da ƙwayar ciwon jiki. Siriri mai lafiyayyar ƙoda kuwa, kafin tasa ta tsaya sai babban abu ya same shi, kamar ƙwayar cuta ta shiga jini ko zubar jini mai yawa. Idan ka jera su a ɗaki ɗaya, sai ka ga masu ƙiba sun fi tashi, alhali abin da ya kawo su ne ya fi sauƙi. Ƙari a kan haka, ramammun asibiti da yawa ba haka Allah ya yi su ba. Kansa ce ta cinye su, ko tarin fuka, ko ƙanjamau, ko ciwon hanta, ko tsufa. Ciwon da ya ramar da su shi ke kashe su, sai a rubuta laifin a kan rama.

Akwai kuma matsalar awon kansa, wadda a ganina ba a ba ta muhimmancin da ya kamata. Ƙa'idar KDIGO ta 2012, wadda likitocin ƙoda ke bi a duniya, ta ce ƙoda ta taɓu idan sinadarin kiriyatinin na jini, wato dattin da ƙoda ke tacewa ta fitar a fitsari, ya ƙaru da miligiram 0.3 a desilita cikin awa 48, wato wajen 26 in takardar gwajinku da mikromol aka rubuta, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake a da cikin kwana 7, ko kuma fitsari ya gaza mililita 0.5 ga kowane kilo a kowace awa har tsawon awa 6. Ka ga nauyi ya shigo cikin ma'anar ciwon kanta. A ce tsayin yayanka mita 1.75 ne. Da kilo 104, ana son ya yi fitsari mililita 52 a awa. Nauyin da ya dace da tsayinsa kuwa wajen kilo 70 ne, wanda ke buƙatar 35 kacal. In yana yin 45 a awa, fiye da lita 1 a yini ke nan, lissafin farko zai ce ƙodarsa ta gaza, na biyu zai ce ƙalau take. Kitse bai ƙara masa girman ƙoda daidai da yadda ya ƙara masa kilo ba. Ta haka masu ƙiba da dama ke shiga jerin masu ciwon da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba mamaki su tashi.

A ɓangaren ramamme abin juyawa yake yi, kuma nan ne haɗarin. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa. Tsohuwar da ta rame, nata na iya zama 0.5 tana lafiya. In ya ninka ya koma 1.0, wajen rabin aikin ƙodarta ya tafi, amma takardar ɗakin gwaji za ta nuna lamba mai kyau, ba wanda zai ɗaga ido. Kafin lambar ta yi ja, an makara. Ruwan da ya taru a jiki ma yana tsarma kiriyatinin, sai gwaji ya nuna kamar an samu sauƙi alhali ba a samu ba. Kuma ka duba abin da ruwan ya yi wa BMI na yayanka: da kilo 104 yana kan 34, da 111 ya haura 36. Ya sauya rukuni ba tare da ya ƙara kitse ko cokali ɗaya ba. A sassan kulawa ta musamman da yawa ma ba a ɗora majinyaci a sikeli, da ido ake kintatawa ko a tambayi dangi.

Duk da haka ba zan ce maka babu ƙamshin gaskiya a maganar ba. Akwai. Ciwo mai tsanani cin jiki yake yi, kuma tsoka yake fara ci. A 2013 masu bincike a Landan sun riƙa auna tsokar cinyar majinyata 63 da na'urar hoto, suka ga ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10. Wanda ya shiga jinya da tanadi a jikinsa kamar magidancin da bazara ta same shi da hatsi a rumbu ne, zai fi jure tsawon kwanakin. Sai dai tanadin da ya fi amfani tsoka ce. Mai ƙiba yakan fi siriri yawan tsoka, don ɗaukar wannan nauyin kullum aiki ne. Wani bincike na Amsterdam a 2014 ya auna tsokar majinyatan da ke kan na'urar numfashi ta hoton CT, kuma da aka sa yawan tsoka cikin lissafi, sai BMI ya daina nuna wa zai rayu. Tun 1999 ma, a Parma ta Italiya, an ga cewa kashi 42 cikin 100 na majinyata 309 masu wannan ciwo suna fama da matsananciyar tamowa, kuma su ne suka fi mutuwa a asibiti. Saboda haka in za a faɗi maganar daidai, rama da zubewar tsoka ne ke da haɗari. Manomi siriri mai ƙarfin damtse ya fi ɗan kasuwa mai teɓa da sanyin ƙafafu tanadin da ake magana, ko da sikeli ya ce akasin haka.

Kuma duk waɗannan binciken kallo ne kawai aka yi, aka ƙirga. Ba a taɓa ƙibantar da wani rukuni da gangan aka ga sun fi tsira ba.

Nauyin da alaƙarsa da mutuwa ta fi fitowa fili shi ne na ruwa, shi ya sa na fara da shi. Wani bincike da ake kira PICARD, a manyan asibitoci 5 na Amurka, ya bi majinyata 618, aka fitar da sakamakon a 2009. Waɗanda ruwan da ya taru musu ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsu lokacin fara wankin ƙoda, haɗarin mutuwarsu ya kai wajen ninki biyu. A yara abin ya fi muni. Cikin yara 297 da aka duba a 2010, waɗanda ruwansu bai kai kashi 10 ba, wajen kashi 29 cikin 100 suka rasu, waɗanda ya kai kashi 20 ko fiye kuwa, wajen kashi 66. Gaskiya ne wanda ciwonsa ya fi tsanani shi aka fi ɗura wa ruwa, amma yadda ruwan ke ɓarna sananne ne. Yana cika huhu, yana wahalar da zuciya, yana kumbura hanji har abinci ya ƙi karɓuwa, yana hana rauni warkewa. Ita kanta ƙoda a cikin wata fata mai tauri take wadda ba ta buɗewa sosai, in ta kumbura sai matsi ya ƙaru a cikinta, tacewa ta ƙara raguwa.

A nan akwai tarko ga mai jiki irin yayanka. Kashi 10 na kilo 104 ya haura lita 10, amma huhunsa da zuciyarsa ba su fi na mai kilo 70 girma da yawa ba. In aka jira sai lissafi ya kai kashi 10 kafin a damu, an bar shi ya sha wuya. Ga shi kuma kumburi na ɓuya a jikin mai ƙiba, ido ba ya saurin kama shi.

Nauyi na shiga lissafin magani ma. Allurar jentamaisin, wadda ake yawan yi a asibitocinmu saboda araha, tana iya lalata ƙoda, kuma ba ta shiga kitse sosai. In aka auna ta da kilo 104, ko mafi muni da 111, an ba shi fiye da kima. Likitoci kan ɗauki nauyin da ya dace da tsayi su ƙara kashi 40 cikin 100 na rarar, wanda a misalinmu zai ba da wajen kilo 84. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta tsaya ma, gara a nemi wani maganin in akwai. Ba laifi ba ne ka tambayi likitansa cikin ladabi da wane nauyi ake lissafa magungunan.

Batun abinci: a ciyar da shi, amma ba don ya yi ƙiba ba. KDIGO ta ba da shawarar kalori 20 zuwa 30 ga kowane kilo a yini. Furotin, wato abin gina jiki na nama da kifi da ƙwai da wake, giram 0.8 zuwa 1.0 ga kowane kilo in ba a wanki, 1.0 zuwa 1.5 in ana wanki, kuma ga mai ƙiba ba da cikakken nauyinsa ake lissafin ba. Tsohuwar al'adar hana mai ciwon ƙoda nama kwata-kwata don a kauce wa wanki, ƙa'idar ta ce a daina, don tsokarsa za ta biya. Ɗura masa kuma ba dabara ba ce. Wani babban gwaji da aka fitar a 2023 ya ba wasu majinyata furotin mai yawa ƙwarai, bai taimaka ba, kuma a masu ciwon ƙoda na farat ɗaya alamun cutarwa aka gani.

Abin da na fi gani yana ɓata jinya a ɗakunanmu shi ne fulas-fulas ɗin da 'yan dubiya ke shigowa da su. Wannan ta kawo kunun gyaɗa, waccan ta kawo farfesu, wani ya zo da fura, kowa kuma so yake ya ga an sha nasa. Kunu da koko da shayi da romo da zoɓo duk ruwa ne, dole su shiga lissafi. Ku samu littafi ku ajiye a gefen gado. Ledar ruwan sha rabin lita ce, da ita za ku gane cikin kofinsa. Fitsari kuma, in ba a sa masa roba ba, a tara a gorar da aka san cikinta, a rubuta. Idan fitsari ya yi ƙaranci, abin da aka saba shi ne a ba mutum adadin da ya fitar jiya a ƙara masa wajen rabin lita, amma likitansa ne zai yanke, don zazzaɓi da zafin gari da gudawa na sauya lissafin. Gishiri da magi da kanwa suna riƙe ruwa, a rage su sosai. Dabino da ayaba da lemon zaƙi da ruwan kwakwa, waɗanda su ne tsarabar dubiya, suna da potasiyam mai yawa, shi kuwa in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya ba sallama. A dakata da su sai gwaji ya nuna hali. Kada a ba shi diklofenak ko ibuprofen, kada a ba shi jiƙo ko wani haɗin gargajiya, komai amincin wanda ya kawo. A riƙa auna shi kowace safiya, a sikeli ɗaya, kafin ya karya.

Allurar Lasix da za ka ga ana yi masa tana taimakawa wajen fitar da ruwa in ƙodar na amsawa, amma ba ta warkar da ita. In ruwa ya ƙi fita, ko potasiyam ya hau, ko ya fara rikicewa, aka ce a yi wanki, don Allah kada ku tsaya shawarar dangi ta kwana da kwanaki. Mutane na tsoron wai wanda ya fara wanki ya fara ke nan har abada. Wannan na ciwon ƙoda mai daɗewa ne. A na farat ɗaya, sau da yawa 'yan lokuta ake yi ƙodar ta farfaɗo. Wani nazari da likitan yara na Ile-Ife, Wasiu Olowu, ya jagoranta a 2016 ya tattara rahotannin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya ga wajen kashi 32 cikin 100 na manya masu wannan ciwo sun rasu, amma a waɗanda suka buƙaci wanki ba su samu ba, adadin ya kai kashi 86. Ka kwatanta wannan tazara da ɗan bambancin da ke tsakanin mai ƙiba da marar ƙiba a Ostiriya. A wajenmu, saurin zuwa asibiti da samun wanki a kan lokaci sun fi kilo nawa mutum yake tasiri nesa ba kusa ba.

Ku kuma shirya wa abin da zai biyo baya in Allah ya kawo sauƙi. Idan ƙoda ta fara buɗewa, takan saki fitsari da yawa, wani lokaci lita 3 ko fiye a yini, nauyi ya riƙa sauka da sauri. Masu murna yau su ne za su tayar da hankali a ranar, su ce yana ramewa. Ruwa ne ke fita, kuma a lokacin ne ainihin ramar da ciwon ya yi masa za ta bayyana, ka ga damatsa da cinyoyi sun saki. A wannan gaɓar sai an kula kada ya sake bushewa, kuma a fara tayar da shi zaune, a taka da shi ko zuwa bakin ƙofa ne, don tsoka ba ta dawowa a kwance.

Bayan sallama, a sake gwajin jini da na fitsari idan an cika wata 3, ko da yana jin garau, saboda wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa yana da ƙarin haɗarin ciwon ƙoda mai daɗewa. In yana shan maganin hawan jini ko na suga da aka dakatar, kamar lisinofiril ko metfomin, kada ya koma musu da kansa sai likita ya ce. Rage ƙiba kuwa yana nan a kansa, tunda ita ce ke ƙara masa haɗarin maimaituwar abin, amma sai ya murmure ƙarfinsa ya dawo. A yi shi a hankali, da tafiyar ƙafa da rage tuwo da lemon kwalba, ban da shayin rage teɓa da ake tallatawa a kasuwa, don da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, irin bushewar da ta kwantar da shi tun farko.